Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Ƙarfafa Kwatancin Kyau a Turanci

Hausawan da ke zaune a Legas, tun daga 'yan kasuwar Mile 12 har zuwa ɗaliban Agege da Idi-Araba, suna mu'amala da Turanci iri biyu a kowace rana: Buroka a kasuwa da tasha, da kuma daidaitaccen Turanci a makaranta da ofis da takardar jarrabawa. Ɗaya daga cikin wuraren da waɗannan biyun suka fi cakuɗewa shi ne wajen kwatanta kyan wani abu da na wani, musamman idan mai magana yana son ya nuna cewa tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda aka fi yawan ji daga bakin ɗalibai da teloli da masu sayar da kayan ado.

Malam, me ake nufi da ƙarfafa kwatanci, kuma me ya sa yake ba Bahaushe wahala?

A Hausa muna kwatanta abubuwa da aikatau "fi". Muna cewa wannan leshin ya fi wancan kyau, kuma kalmar "kyau" ba ta canja ko kaɗan. Idan muna son mu nuna cewa tazarar babba ce, sai mu ƙara wani abu a ƙarshen jimlar, mu ce ya fi shi kyau ƙwarai, ko ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Idan kuma tazarar kaɗan ce, sai mu ce ya ɗara shi, ko ya ɗan fi shi.

Turanci bai bi wannan hanya ba. A cikinsa siffar ce da kanta take canjawa, "pretty" ta koma "prettier", "beautiful" ta koma "more beautiful", sannan kalmar ƙarfafawa takan zo kafin siffar, wato a daidai kishiyar inda Bahaushe ya saba ajiye ta. Tsarin shi ne kalmar ƙarfafawa da farko, sai siffar kwatanci, sai "than", sai abin da ake kwatantawa da shi: "This lace is much more beautiful than that one."

Zama a Legas kan ƙara wa matsalar nauyi, domin Buroka ta bi tsarin da ya yi daidai da na Hausa. Mai shago a kasuwar Balogun zai ce "dis one fine pass dat one well well", inda "pass" ke aikin "fi", "well well" kuma ta zo a ƙarshe. Yarbanci ma da aikatau "ju" yake wannan kwatanci. Saboda haka kunnen ɗalibi yana jin tsari ɗaya a harsuna uku daga safe zuwa dare, kuma tsarin da ake bukata daga gare shi a rubutu shi ne na harshe na huɗu, wanda ya saɓa musu duka.

Yaushe ake ƙara "-er", yaushe kuma ake amfani da "more"?

Yawan gaɓoɓin kalma ne ke raba gardama. Siffa mai gaɓa ɗaya tana karɓar ɗafa-ƙeyar "-er": "tall" ta zama "taller", "cute" ta zama "cuter". Idan ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin, shi ya sa ake rubuta "slimmer" da "thinner". Siffa mai gaɓa biyu da ta ƙare da harafin "y" ita ma tana karɓar ɗafa-ƙeyar, amma harafin ya koma "i": "prettier", "lovelier", "uglier". Siffa mai gaɓa uku ko fiye sai dai a sa mata "more", kamar "more beautiful", "more attractive" da "more elegant".

Akwai 'yan kalmomin da suka tsaya a tsakiya. "Handsome" tana karɓar duka biyun, "handsomer" da "more handsome", ko da yake na biyun ya fi yawa a bakin mutanen yau. "Good-looking" kuwa ta fi daɗin ji a matsayin "better-looking", saboda "good" ba ta bin ƙa'ida, kwatancinta shi ne "better".

Na rubuta "She is very prettier than her sister", malaminmu ya ja jan biro a kai. Ina kuskuren yake, tunda "very" tana nufin "sosai"?

Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma tushensa yana cikin tambayar kanta. An koya mana tun a firamare cewa "very" ita ce "sosai", sai muka riƙa sa ta a duk inda za mu ce "sosai". Alhali "sosai" a Hausa tana shiga ko'ina, ita kuwa "very" tana da iyaka. Tana ƙarfafa siffar da ba a canja ba, kamar "very pretty" da "very beautiful", amma da zarar siffar ta koma ta kwatanci, sai "very" ta ja da baya, "much" ta karɓi aikin. Jimlar da ta dace ita ce "She is much prettier than her sister."

Dalilin yana da sauƙin ganewa idan aka lura da abin da kowace kalma take aunawa. "Very" tana auna yawan kyan da ke jikin mutum ɗaya. "Much" kuwa, a nan, tana auna faɗin tazarar da ke tsakanin mutum biyu. Wanda ya ce "She is very pretty" ya yi magana ne a kan yarinyar kaɗai. Wanda ya ce "She is much prettier than her sister" bai ma tabbatar mana cewa kyakkyawa ce ƙwarai ba, abin da ya faɗa kawai shi ne cewa ta yi wa 'yar'uwarta nisa.

Haka dokar take a kan "so" da "too" idan suka tsaya su kaɗai: ba a cewa "so prettier" ko "too prettier". Sai dai ana iya jingina "so" da "much", a ce "so much prettier", ko ma "very much prettier", wanda daidai ne a nahawu ko da yake yana da ɗan nauyi a harshe. Dabarar da za ta fisshe ɗalibi ita ce ya duba ko akwai "-er" ko "more" bayan kalmar ƙarfafawarsa. Idan akwai, to ya cire "very" ya sa "much".

Mene ne bambanci tsakanin "much", "far", "a lot" da "way"?

A ma'ana duk ɗaya suke, wato tazara mai yawa. Bambancinsu yana wajen da ya dace a faɗi kowacce. "Much" ita ce ta kowa da kowa, tana shiga takardar jarrabawa, tana shiga hirar abokai, kuma ba a taɓa kushe ta ba. "Far" ta ɗan fi ta ƙarfi da kamala, kuma ita ce ta fi kusa da "nesa ba kusa ba", domin duka biyun daga nisa aka aro su. Wanda ke rubuta tallan shagonsa a Facebook zai iya cewa "Our new designs are far more elegant than last year's", kuma jimlar za ta zauna daram.

"A lot" ta fi zama a baka, ko a saƙon waya tsakanin sanannu. A kula cewa kalmomi biyu ne, ba a haɗe ake rubuta su ba. "Way" kuwa, kamar a "way prettier", daga Turancin Amurka ta yaɗu, kuma matasa sun ɗauke ta daga finafinai da intanet. Ba laifi a faɗe ta a tsakanin tsararraki, amma a ra'ayina bai kamata ta shiga insha'i ko wasiƙar neman aiki ba. Ga rubutun hukuma akwai "considerably" da "significantly" da "a great deal", sai dai waɗannan sun fi dacewa da gini ko farashi ko tsarin unguwa. Idan aka ce wa mace "You look significantly more beautiful today", za ta ji kamar ana karanta mata rahoton banki.

Ina yawan jin "even more beautiful". Shin "even" ma tana nufin tazara mai yawa?

A'a, kuma a nan ne mutum zai iya faranta rai ko ya ɓata shi da kalma ɗaya tak. "Even" ba ta auna tazara. Abin da take yi shi ne ta tabbatar da cewa wanda aka fi ɗin, shi ma yana da kyan. Aikinta kenan irin na "ma" a Hausa, kamar inda za a ce ƙanwar ta ma fi ta kyau, wanda duk mai ji ya san yayar ma kyakkyawa ce.

A ɗauki misalin ranar kamu a wani gida a Agege. An gama yi wa amarya lalle, an ɗaura mata ɗankwali, mai kwalliya ta ja baya tana duba aikinta, sai wata ƙawar amarya daga wurin aikinta, wadda ba ta jin Hausa, ta shigo ɗakin. Idan ta ce "You look much more beautiful today", maganar tana iya ɗaukar ma'anar cewa a sauran ranaku ba ta kai haka ba, kuma kwalliya ce ta rufa asiri. Idan kuwa ta ce "You look even more beautiful today", to ta ce da ma can kyakkyawa ce, yau kuma abin ya ƙaru. Duka jimlolin biyu daidai suke a nahawu, amma ɗaya ce kawai ake so a ji a ɗakin amarya.

"Still" ma tana irin wannan aiki, kuma tana iya zuwa kafin siffar ko bayanta, "still more beautiful" ko "more beautiful still", sai dai ta fi yawa a rubutun adabi. Ga kyan da ke ƙaruwa a hankali kuma, ana maimaita kalmar: "She is becoming more and more beautiful", ko "prettier and prettier".

"More prettier" da "more better" fa? Kowa yana faɗin su a titi.

Yawan masu faɗi bai mayar da su daidaitaccen Turanci ba. "More" da "-er" aiki ɗaya suke yi, don haka haɗa su maimaici ne. Gaskiya ne cewa marubutan Ingila na ƙarni na 16 da na 17 sun yi amfani da irin wannan ninki, amma daga baya masu nahawu suka ƙi shi, kuma yau duk mai duba takarda zai lissafa shi a kuskure.

Abin lura shi ne cewa mai cewa "more prettier" yawanci ƙarfafawa yake nema. Yana jin "prettier" kaɗai ba ta isar da abin da ke ransa ba, sai ya laluɓo "more". Niyyarsa daidai ce, kalmar ce ya ɗauka ba daidai ba. "Much prettier" da "far better" su ne abin da yake nema.

Idan tazarar kaɗan ce, ko kuma ina son in ce wani abu bai kai wani ba, yaya zan ce?

Ga tazara kaɗan akwai "a little", "a bit", "slightly" da "somewhat", kuma dukansu suna zama a wurin da "much" take zama: "This one is slightly more attractive than that one." "A bit" ta baka ce, "slightly" da "somewhat" sun fi dacewa da rubutu.

Ga kasawa kuma akwai "less", wadda ita ma ake ƙarfafa ta da kalmomin nan, a ce "much less attractive" ko "far less elegant". Amma masu harshen sun fi son su bi ta wata hanya, su ce "not nearly as pretty as" ko "nowhere near as beautiful as", wato bai ko kama ƙafarsa ba. Idan kuwa ana son a nanata cewa babu wanda ya fi wani, sai a ce "just as beautiful as" ko "every bit as beautiful as". A nan "as" ce take zuwa sau biyu, kuma "than" ba ta da wurin shiga.

Me ya sa ake cewa "a much prettier dress" amma ba a cewa "an a lot prettier dress"?

Idan siffar kwatanci ta zo kai tsaye kafin suna, ba dukan kalmomin ƙarfafawa ne ke iya raka ta ba. "Much", "far", "even" da "slightly" suna iya shiga tsakanin "a" da siffar: "a far more beautiful house", "an even prettier design". Waɗanda suka fara da "a" tasu ta kansu, wato "a lot", "a bit" da "a little", ba sa shiga nan, sai dai su jira bayan aikatau: "This dress is a lot prettier." A lura kuma cewa "a" tana komawa "an" a gaban "even", saboda kalmar ta fara da wasali.

"Than me" ne daidai ko "than I"?

A magana ta yau da kullum "than me" ake cewa, kuma ba wanda zai yi mamaki. A rubutun da ake son kamala, hanyar da ba ta da suka ita ce a cika jimlar: "He is far more handsome than I am." A kiyaye kuma kada a rubuta "then" a madadin "than", kuskuren da ya zama ruwan dare a saƙonnin waya.

Kalmomi irin su "gorgeous" da "stunning" ana iya kwatanta su? Kuma yaya ake ƙarfafa "the most beautiful"?

Waɗannan siffofi ne da suka riga suka ɗauki ƙarfi a cikinsu, domin ma'anarsu ita ce kyan da ya kai maƙura. Shi ya sa masu harshen suka fi cewa "absolutely gorgeous" maimakon "very gorgeous". A wajen kwatanci kuwa "even" ce ta fi dacewa da su, kamar "even more stunning than the first one", tunda duk abin da aka kira da wannan suna an riga an yarda da kyansa. Jimla irin "slightly more stunning" tana tafiya ne kamar mai jan ƙafa, rabinta na ɗagawa rabinta na saukarwa.

Idan ana maganar wanda ya fi kowa a cikin uku ko fiye, siffar takan koma "the prettiest" ko "the most beautiful", kuma abin da ke ƙarfafa ta shi ne "by far" ko "easily": "This is by far the most beautiful lace in the shop." A nan ne kuma "very" take dawowa ta wata ƙofa, domin ana cewa "the very best" da "the very finest", amma ba a haɗa ta da "most" a ce "the very most beautiful".

Wace siffa ce ta namiji, wacce ce ta mace? Kuma "fine" da "fair" da muke ji a Legas fa?

"Beautiful", "pretty" da "lovely" an fi amfani da su ga mata da yara da abubuwa. "Handsome" ta maza ce a mafi yawan lokaci. "Good-looking" da "attractive" suna hawa kan kowa. Kiran babban mutum namiji "pretty" yana iya zama zolaya, saboda haka a guje shi. "Cute" ta fi dacewa da jarirai da ƙananan yara, ko da yake matasa suna faɗa wa junansu.

"Fine" a Turancin Najeriya tana nufin kyakkyawa, har ana cewa "fine girl" da "fine boy". A daidaitaccen Turancin Ingila kuwa, idan aka ce "She is fine", abin da aka fi fahimta shi ne tana lafiya. Saboda haka "much finer" ta fi dacewa da yadi ko ɗinki ko zare, inda take nufin inganci da laushin aiki. "Fair" kuma a tsohon Turanci tana nufin kyau, amma a yau, musamman a Najeriya, hasken fata take nufi. Wanda ya ce "She is much fairer than her sister" ya ce ta fi ta haske ne kawai, kuma haske daban, kyau daban, ko da masu tallan man bilicin sun so a ɗauka abu ɗaya ne. "Hot" da "sexy" kuwa suna ɗauke da ma'anar sha'awa, kuma ba su da gurbi a ofis ko makaranta ko gaban manya, ko da an ji su a waƙoƙi.

Ina aiki a wani kamfani a Ikeja. Shin ya dace in yi amfani da irin waɗannan jimloli ga abokan aikina?

Nahawu zai ba ka jimla, amma ba zai gaya maka inda za ka faɗe ta ba. Kwatanci koyaushe yana da wanda aka fi, kuma ƙarfafa shi yana ƙara wa wanda aka fin ciwo. Cewa wata ma'aikaciya "is far more attractive" fiye da wata magana ce da za ta iya kai mutum gaban shugabanninsa, domin kamfanoni da yawa suna ɗaukar tsokaci a kan surar abokin aiki a matsayin cin zarafi. Mu ma a al'adarmu namiji ba ya tsayawa yana auna kyan matan mutane, kuma ko jariri aka yaba sai an haɗa da tubarkalla masha Allah.

Mafita ita ce a karkatar da yabon zuwa ga abu maimakon mutum, ko kuma a kwatanta abu da yadda yake a da. "The office looks much nicer now, ma" magana ce da babu wanda za ta sosa wa rai. Tela zai iya ce wa mai kawo ɗinki "This colour looks far better on you, Hajiya", kuma ya yi yabo ba tare da ya ambaci kowa ba. Tsakanin miji da mata kuwa ƙofa a buɗe take, sai dai ko a nan gwamma a kwatanta ta da jiyanta, a ce "even more beautiful than yesterday", da a kwatanta ta da wata mace.

Yaya wannan batu yake fitowa a jarrabawar WAEC da NECO?

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma babban ofishinta na Najeriya yake Yaba a nan Legas, tana gwada nahawu ta hanyoyi biyu. Akwai tambayoyin zaɓi, inda ake bar wa ɗalibi gurbi ya cike. Ana iya ba shi jimla kamar "The bride looked ... than we expected", tare da zaɓi huɗu irin su "very beautiful", "more prettier", "much more beautiful" da "most beautiful". Kalmar "than" ita ce manuniya: da zarar an gan ta, siffar dole ta zama ta kwatanci, don haka na farko da na huɗu sun fita, na biyu kuma ninki ne, sai na uku ya rage.

Hanya ta biyu ita ce insha'i, inda ake duba abin da aka faɗa, da tsarinsa, da salon furuci, da kuma tsaftar rubutu daga kurakuran nahawu da haruffa, kuma ana rage maki a kan kowane kuskure. NECO ma kusan haka take yi. A wasiƙa zuwa ga aboki ana iya amfani da "a lot prettier", amma a wasiƙar hukuma ko maƙala ko jawabin muhawara, ɗalibi ya tsaya a kan "much", "far" da "even", ya kuma tabbatar cewa bayan kowace ɗaya daga cikinsu akwai ko dai "-er" ko "more", guda ɗaya daga cikin biyun.